Makon da Katumi Ba Ta Ɗora Tukunya Ba

Idan ka sauka a Woolwich a shekarun tamanin ka tambayi ina Sumani yake, sai a tsaya ana sosa ƙeya. Amma ka ce Maigida, nan take za a nuna maka benen gidajen hayar council, wato na ƙaramar hukuma, da ke bayan kasuwa, hawa na uku, ƙofar da takalma suka yi tsibi a gabanta. Ni a hawa na biyu nake, daidai ƙarƙashinsu, saboda haka abin da zan faɗa game da mutumin nan ba a bakin wani na ji ba, ta rufin ɗakina na ji shi shekara da shekaru. Sunana Kaneng, 'yar Jos ce ni, aikin nas ya kawo ni Landan.

Sumani ɗan zangon Kumasi ne. Mahaifinsa mai saukar da fataken goro ne, ya tashi a gidan da ba a taɓa sanin yawan bakunan da za su ci tuwon dare ba. Ƙa'idar gidan ɗaya ce: baƙo ya yi sallama, a amsa, a ba shi ruwa da tabarma, a ajiye masa kwano, kuma ba a tambayarsa ranar tafiya. Da wannan tarbiyya ya shigo Ingila. Ya yi wankin kwanuka a otal, ya yi kwandasta, daga baya ya zama direban bas. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yana da dariyar da ke cika mota, kuma ban taɓa ganin ya wuce mutum bai gaishe shi ba, ko ɗan sanda ne. Abin da bai lura ba shi ne gidan ubansa yana da tsakar gida da mata da yawa masu karɓa-karɓar girki, nasa kuwa flat ne mai ɗaki biyu, da mace ɗaya.

Macen ita ce Katumi. 'Yar Yeji ce, can bakin tafkin Volta, doguwa, ba ta da yawan magana. Da asuba take fita sharar ofisoshi a cikin birni, ta dawo kafin azahar, ta shiga kicin. 'Yarsu ɗaya, Rukayatu, wadda ta girma tana yin aikin makaranta a kan gwiwarta don kullum akwai wanda ke barci a kan kujera. Ɗalibai, masu neman aiki, wanda ya zo jinya, wanda ya yi faɗa da mai gidan haya, duk can suke sauka. Sumani kan tsinci mutum a tashar bas, ya ji Hausa a bakinsa, shi ke nan ya taho da shi. Sai in ji takunsu a matakala, in ji mabuɗi ya juya, in ji muryarsa: "Katumi, ga baƙo, ƙara ruwa." Jim kaɗan sai motsin tukwane ya fara a kaina.

Ba zan yi masa ƙarya ba, mutumin kirki ne. Ranar da aka yi mini rasuwa a gida, shi ya kai ni filin jirgi, bai damu da cewa ni coci nake zuwa shi masallaci ba. Amma kirkinsa da hannun matarsa yake yin sa, kuma wannan ya daɗe yana ƙona mini rai. Kowa na cewa Allah ya saka wa Maigida, ban taɓa jin an ambaci wadda ta tuƙa tuwon ba.

A bazarar 1994, bayan Rukayatu ta tafi jami'a a Leeds, Katumi ta sauko wurina wata ranar Asabar da hantsi tana riƙe da kanta. Na auna jininta, na ga ya hau hawan da ban so ba. Na ce mata gobe-goben nan ta ga likita. Ta ce za ta gani, amma in taso mu hau sama, tana son shaida. Muka tarar da Sumani yana shan shayi da wasu samari biyu da ban sani ba. Ta kira shi baranda, ta ce masa a gabana, murya ƙasa-ƙasa:

"Baban Rukayatu, na gaji. Ina son mako ɗaya da ba zan ɗora tukunya ba, ba zan ga baƙo ba. In ban samu ba kafin sanyi ya shigo, zan koma Yeji wurin yayata, kuma ba dawowa zan yi ba."

Ya dube ni kamar ni na kitsa mata. Mutanen zango ba ruwansu da bambanta mace da namiji a magana, kowa "ya" ne a bakinsu. Ya ce, "Sister Kaneng, ka ji abin da ya ce? Katumi ya taɓa rasa wani abu a gidan nan?"

Na ce, "Ta rasa kujerar zama, Maigida."

Ya san matarsa ba ta maimaita magana. Sai ya ce to a je gida hutu, a yi wata guda a Kumasi. Katumi ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. Duk wanda ya taɓa zuwa gida daga Turai ya san wannan ba hutu ba ne. Ka kwashi kaya kamar mai ƙaura, ka yini gaishe-gaishe, ka dawo da ramar da ta fi ta tafiya. A wurinmu a lokacin, hutu da zuwa gida abu ɗaya ne, ba mu san wani iri ba. Ni ce na tuna da abokan aikina Turawa, waɗanda kan ɓace mako guda su dawo jajaye suna ɓare fata, suna ta zancen wani tsibiri wai shi Lanzarote. Na ce a can babu dangin kowa. Katumi ta ce can za a je, kuma da ni, don ba ta yarda da alkawarin da ba shaida ba.

Sumani ya ce shi zai yi komai. Ya tafi wurin masu shirya tafiye-tafiye a babban titi, ya dawo yana fara'a. "Na yi booking, an gama. Na ce musu mu ba mu cin alade, sai suka ba mu wanda mutum ke dafa abinsa da kansa. Akwai kicin, akwai firji, har da tukwane."

Saura kaɗan in jefe shi da takalmi. Matar da ta ce ba ta son ganin tukunya, ka je ka kama mata ɗaki mai tukwane? Shi har ga Allah gani yake ya yi dabara. Da ya fahimci ɓarnar da ya yi, ya rantse cewa ba za a kunna murhun nan ba, kifi za mu ci a waje safe da yamma. Katumi ta ce ta ji, ta kuma ƙara masa da cewa alkawarin biyu ne, tukunya da baƙo.

Muka tashi daga filin jirgin Gatwick cikin yayyafi, muka sauka cikin rana mai faranta rai. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Ni 'yar Jos ce, na san duwatsu, amma namu suna da ciyawa da awaki. Waɗannan baƙaƙe ne ƙirin, kamar an kwashe gawayin duniya an zuba. Gidajen duk farare ne, da ƙofofi kore ko shuɗi, itatuwa kaɗan, iska kuma ba ta hutawa. Masaukinmu yana kallon teku. Da muka shiga, jakar Sumani ta faɗi ta buɗe, sai ga garin masara, ga kuka, ga daddawa, ga yaji, ga goro a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma.

Katumi ta tsaya tana kallon kayan. Ya ce, "Ba don girki ba ne. Mutum ba ya zuwa garin mutane hannu rabbana. In an haɗu da wani fa?"

Ta tattara su ta cusa a ƙasan kabad ɗin kicin, ta rufe.

Kwanakin farko sun yi daɗi, ba ni da abin cewa. Katumi ta yi barci har rana ta ɗaga, abin da na tabbata rabonta da shi tun tana budurwa. Muka ci gasasshen kifi da wani ɗan ƙaramin dankali da suke dafawa da gishiri har bawonsa ya yamutse. Muka bi motar 'yan yawon buɗe ido zuwa duwatsun da suka taɓa aman wuta. A can wani ma'aikaci ya zuba ruwa cikin bututun da aka kafa a ƙasa, sai tururi ya yi tsalle sama da ƙara, Sumani ya ja da baya yana salati. Aka nuna mana wani rami da ake gasa kaji a bakinsa, ba itace ba gas, zafin cikin ƙasa kaɗai. Katumi ta leƙa ta ce wa ramin, "Allah sarki, kai ma sun sa ka girki?" Ta yi dariya har da hawaye, na kuma lura mijinta ya tsaya yana kallonta kamar ya manta tana da haƙora.

Shi dai Maigida zaman ya yi masa wuya. Bai iya zama baƙo ba. A wurin cin abinci sai ya juya ya ce wa Jamusawan teburin kusa bismillah, su yi masa murmushi su ci gaba da abinsu. Ya miƙa wa mai gadin masauki goro, mutumin ya gutsura ya yamutsa fuska, ya yi godiya cikin ladabi. A bakin teku kuwa, Sumani kan zauna ƙarƙashin laima da doguwar riga da hula da safa, yana kallon Turawa suna wasa da ransu. Wasu a tsaye kan allo iska na jan su, wasu a kan babur ɗin ruwa, wasu sun yi layi a kan wata doguwar roba mai siffar ayaba jirgi na fizgarsu har su zube. Ya ce shi da ruwa sai a buta. Katumi ko, ta ɗaura zani a kan wando, ta sa riga, ta shiga ruwa har wuya. Ashe kifi muke zaune da shi a Woolwich ba mu sani ba.

Ana cikin haka, wata safiya muka bi ta rumfar da ake ba da hayar ƙananan jirage. Wani baƙin mutum mai furfura a gemu yana jan kwalekwale zuwa kan yashi, igiya ta kuɓuce masa, sai muka ji ya ce, "Kai, wannan iska." Sumani ya tsaya cak. Ni kuwa na san abin da ke tafe.

Aka yi sallama, aka shiga gaisuwa, ina gida ina aiki ina gajiya, hannu cikin hannu ba mai niyyar saki. Sunansa Inusah, mutumin Tamale, ya yi aiki a jirgin kamun kifi, jirgin ya ajiye shi a waɗannan tsibirai, ya zauna. Ba shi da mata a nan, ba shi da kowa. Ya ce ya kan yi wata da watanni bai ji Hausa ba sai in shi ya yi wa kansa. Sannan ya faɗi maganar da ta gama da Maigida. Ya ce, "Tuwo kam, na manta yadda yake a baki."

Na ga bakin Sumani ya buɗe. Maganar tana kan harshensa, ga gari ga kuka a kabad, ga murhu, ga tukwane. Ya juya ya dubi Katumi. Ita kuwa teku take kallo. Ya saki hannun mutumin, ya ce, "To, Allah ya taimaka, ɗan'uwa." Ya wuce da sauri har yana tuntuɓe a yashi.

A raina na ce madalla, yau an yi maganin Maigida. Amma da aka kawo abincin rana bai taɓa ba. Ya zauna yana juya cokali, fuskarsa ta faɗa, kamar wanda ya yi sata aka gan shi. Tun da aka haife shi bai taɓa barin mai jin yunwar gida a tsaye ya wuce ba. Ya cika alkawari, amma na ji tausayinsa, ni da na fi kowa son a ƙuntata masa. Na zaci Katumi za ta ji daɗi, sai na ga ita ma ta ture farantinta.

Washegari da hantsi ta ce mu koma rumfar Inusah. Ta nuna wani kwalekwalen roba mai wurin zaman mutum biyu, ta ce shi take so. Ta karɓi rigar da ke hana nutsewa ta miƙa wa mijinta.

Ya ce, "Ni? Katumi, ni ban iya ruwa ba."

Ta ce, "Ni na iya. Shiga."

Ya dube ni neman ceto, na ɗauke kai. Haka Inusah ya ɗaure masa rigar a kan doguwar rigarsa, ya cire hula ya ba ni ajiya, ya zauna a gaba ya ƙanƙame gefe da gefe. Katumi ta zauna a baya ta ɗauki filafilin tuƙi. Tun tana yarinya take tsallaka da kaya a tafkin garinsu, hannunta bai manta ba. Suka ratsa tsakanin masu alluna da masu ayaba, suka yi nisa har suka zama ɗigo biyu. Can ta ajiye filafilin a cinyarta, kwalekwalen ya tsaya yana lilo.

Abin da aka faɗa a can ban ji da kunnena ba. Daga baya kowannensu ya ba ni labari dabam, kuma bakinsu ya zo ɗaya, sai dai Sumani ya tsallake wurin da ya yi ta karanto duk addu'ar da ya sani.

Ta ce masa, "Nan dai ba wanda zai yi mana sallama, sai ka saurare ni. Jiya ka ga kamar na ji daɗi? Ni ban ƙi baƙo ba. A gidanmu ma ana saukar da mutane. Amma tun ranar da aka kawo ni gidanka, ba ka taɓa cewa, Katumi, za ki iya yau? Sai dai ƙara ruwa. Kai ne Maigida, ni ce murhu. Ko murhu ai ana duba shi a ga ko da gas."

Ya ce ya so ya juya ya ga fuskarta, amma yana tsoron in ya motsa su kife. Saboda haka yana kallon teku ya saurari matarsa, karo na farko ba tare da ya katse ta da dariya ba. Sannan ya ce, "To yanzu ina tambaya. Katumi, Inusah ya zo ya ci tuwo yau?"

Ta ce, "A'a. Yau ban so."

Ta gaya mini cewa a nan ta kasa kunne, don amsar da zai bayar ita za ta nuna mata Woolwich za ta koma ko Yeji. Da ya ce ai mutumin abin tausayi ne, ko ya ce ai ɗan kaɗan ne, da ta gama shawara. Sai ta ga ƙeyarsa ta sunkuya, ya ce, "To."

Ta ɗauki filafili ta juyo da su. Da suka iso gaɓa ya fito da rarrafe, ya zauna a yashi yana haki, rigarsa sharkaf. Ita kuwa ta koma ta sake zagayawa ita kaɗai.

Ana gobe za mu tashi, ita da kanta ta fito da kayan nan daga kabad ta ce a kai wa Inusah. Muka same shi a ɗan ɗakinsa bayan gari da la'asar. Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa ta harɗe ƙafa, ta ce maza biyu su tuƙa, ita za ta faɗa musu yadda ake yi. Ba muciya, da cokalin katako suka yi fama. Sumani ya ƙone yatsa, gumi ya jiƙa shi, tuwon ya fito da gudaji kamar tsakuwa, miyar kuka ta yi ruwa. Inusah ya ci yana share ido, ya ce bai taɓa cin mai daɗinsa ba. Katumi ta ci loma biyu ta ce ba laifi, hannunta bai taɓa tukunyar ba.

Muka dawo Landan, sanyi ya shigo, Katumi ba ta tafi Yeji ba. Jininta ya sauka da taimakon magani. Baƙi ba su daina zuwa ba, kada wani ya ɗauka Maigida ya zama wani mutum dabam. Ya ci gaba da tuƙa bas har ya yi ritaya, yana tsintar mutane a tasha kamar da. Sau biyu suka sake komawa tsibirin su kaɗai, ba su nemi shaida ba, abin da ya ɗan ba ni haushi.

Wata ranar Lahadi da yamma, na dawo daga coci ina buɗe ƙofata, sai ga shi ya hawo da wani dattijo mai ƙaramar jaka. Ya ce wa mutumin ya ɗan jira a nan wurina. Ya hau shi kaɗai. Ina jin mabuɗansa suna kaɗawa a aljihu, amma bai ciro su ba, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansa ya yi sallama. Aka buɗe, ya yi magana a hankali. Na ji muryar Katumi ta ce, "Yau dai a'a, Baban Rukayatu, bayana na ciwo."

Ya sauko yana gyara hula, kunya ta cika masa fuska, don har gobe abin yana yi masa nauyi. Ya ɗauki jakar dattijon ya ce, "Baba, mai ɗakina ya gaji yau. Zo mu je in saya maka fish and chips, soyayyen kifi da dankali, daga nan in kai ka wurin abokina Abukari, yana da gado." Suka sauka suna hira.

Kafin magariba na sake jin takunsa, shi kaɗai. Na leƙa, na gan shi rungume da ƙunshin kifi mai zafi, takardar ta jiƙe da mai. Ya wuce ni ya hau, ya tsaya a ƙofarsa, ya sake ƙwanƙwasawa.